Ko Ka Sani? Abin da Ke Sa Tirela Ta Kayar da Motar da Ke Jan Ta

Ko ka san cewa a-kori-kura ɗaya da direba ɗaya za su iya kai kaya gari mai nisa lafiya lau yau, gobe kuma su ƙare a rami da irin kayan nan, alhali ko kilo ɗaya ba a ƙara ba? Abin da ya canja shi ne wurin da aka jera kayan a cikin tirelar da motar ke ja. Ƙaramar tirela nake nufi, mai taya biyu ko huɗu, wadda ake maƙalawa a ƙugiyar bayan mota, irin wadda a nan muka fi ganin ana jan janareta ko tankin ruwa da ita.

A Amurka jan irin wannan tirela ya zama ruwan dare. Idan aiki ya mayar da mutum wata jiha, sau da yawa shi da kansa zai loda gado da firji da kujeru, ya ja su tafiyar kwana biyu ko uku. Kamfanin U-Haul, wanda Leonard Shoen da matarsa suka kafa a jihar Washington a shekarar 1945, da wannan sana'a ya ginu: ka ɗauki hayar tirela a wannan gari, ka ajiye ta a garin da ka sauka. Da yake yawancin masu hayar ba direbobin manyan motoci ba ne, kamfanin yana nanata musu abu biyu. Kashi 60 cikin ɗari na nauyin kaya ya zauna a gaban tirela, ɓangaren da ke kusa da mota. Sannan kada gudu ya wuce mil 55, wato kimanin kilomita 88 a awa.

Dalilin na farkon shi ne ya fi ba ni sha'awa. Tirela tana zaune ne a kan tayoyinta kamar sikelin mai sayar da nama, gefen da ya fi nauyi shi ke rinjaya. Idan kaya sun ɗan rinjaya gaba, wuyan tirelar yana danna ƙugiyar mota ƙasa, kuma wannan dannawar ce ke sa ta bin mota sau da ƙafa. Ma'aunin da ake bi a Amurka shi ne nauyin da ke sauka a kan ƙugiya ya kasance tsakanin kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirela da kayanta. Tirela mai kilo 2,000 ke nan za ta ɗora wa ƙugiya kilo 200 zuwa 300.

To, a ce mai lodi ya fara da katifu da buhunan tufafi a gaba, ya bar firji da injin niƙa da buhunan hatsi sai a ƙarshe, can wajen ƙofar baya, don nan ne ya fi sauƙin ɗorawa. A cikin gari ba za a ga komai ba. Sai an hau babban titi, gudu ya ƙaru, wata babbar mota ta wuce ta buga iska, ko taya ɗaya ta faɗa rami. Nan tirela za ta ɗan kauce gefe. Nauyin da ke bayanta zai hana ta tsayawa daidai tsakiya idan ta dawo, sai ta zarce ɗaya gefen, ta sake dawowa da ƙarfin da ya fi na farko. Kowane lilo yana fizgar bayan motar tare da shi. Cikin daƙiƙu kaɗan wutsiya ta zama ita ke tuƙa kai.

Kowace mota da tirelarta suna da wani mizanin gudu wanda in ba a kai shi ba, lilon zai lafa da kansa, in kuwa an wuce shi, sai dai ya riƙa ƙaruwa. Mummunan lodi yana sauko da wannan mizani ƙasa sosai. Shi ya sa direba zai rantse cewa bai yi gudu ba, kuma gaskiyarsa ce idan da motar ita kaɗai ce.

Abin da hannu da ƙafa ke son yi a wannan lokaci shi ne yake ƙarasa ɓarnar. Direba zai taka birki da ƙarfi, ya riƙa murza sitiyari hagu da dama yana ƙoƙarin gyarawa. Idan mota ta rage gudu farat ɗaya, tirelar da ta riga ta karkace za ta tunkuɗo ta daga baya har su naɗe kamar wuƙar aljihu. Abin da ya kamata shi ne a ɗage ƙafa daga totur, a riƙe sitiyari a miƙe da hannu biyu, a bar gudun ya sauka da kansa. Idan tirelar tana da birkin lantarki da ake sarrafawa daga cikin mota, a matsa nata kaɗai, domin yana janyo ta baya ta miƙe kamar igiyar da aka ja. Da an samu wuri a tsaya a sake jera kaya. Tirelar da ta yi lilo sau ɗaya za ta sake.

Sai dai kuma cika nauyi a gaba shi ma yana da nasa sharrin. Ƙugiya tana can bayan tayoyin baya, don haka duk abin da ya danna ta yana ɗaga gaban motar. Sitiyari sai ya yi sakwa-sakwa a hannu, birkin gaba ya rage kamu, fitilu su koma haska idon masu tahowa. Kuma wannan nauyi yana cin rabonsa daga abin da motar za ta iya ɗauka a jikinta. A-kori-kura irin Hilux tana ɗaukar kimanin tan ɗaya, har da mutanen da ke ciki. Cire kilo 250 na ƙugiya, cire manya huɗu masu kilo 300 a haɗe, saura kilo 450 ga bodi. Mutane da yawa suna duba adadin da mota za ta iya ja, su manta da wannan lissafin, shi kuwa ya fi saurin cika.

Shi kansa adadin da kamfanoni ke tallatawa, akwai labari a bayansa. A da kowane kamfani da irin nasa awon, har ƙungiyar injiniyoyin mota ta SAE ta fitar da ƙa'ida mai lamba J2807. Toyota ta fara bin ta da motocin 2011, Ford da General Motors da Ram suka biyo da na 2015. Ɗaya daga cikin gwaje-gwajen shi ne hawan Davis Dam a jihar Arizona: titi mai tsawon kilomita 18 da ke hawa kimanin mita 900, a zafin da bai gaza digiri 37.8 ba, da na'urar sanyaya mota a kunne har ƙarshe, ba tare da inji ya yi zafi ba. Amma mutum biyu kacal ake lissafawa a cikin motar, kowane kilo 68, kuma motar lafiyayya ce. Wanda zai ja kaya a watan Afrilu tsakanin Sakkwato da Gusau, inda zafi ke haura digiri 40, da tsohuwar motar da lagiretonta ya sha gyara, bai kamata ya kusanci wancan adadi ba.

Ja ma ai mai sauƙi ne. Tsayawa ita ce aikin. Birkin mota an yi shi ne don nauyinta, ga shi an ƙara masa tan biyu da ke turowa daga baya. A Birtaniya da Tarayyar Turai doka ce duk tirelar da ta wuce kilo 750 sai tana da birkin kanta, kuma Hilux ɗin da aka yarda ta ja har kilo 3,500, da sharaɗin birkin tirela ne. Gudu kuma ba daidai wa daida yake ƙara wahalar ba: daga kilomita 80 zuwa 100 a awa, ƙarfin da birki zai kashe ya ƙaru da fiye da rabi. Duk wannan ƙarfi zafi yake komawa. A doguwar gangara irin ta Hawan Kibo, tsakanin Jos da Akwanga, direban da ya ɗora ƙafa a birki tun daga sama zai iya tarar da shi ya shanye kafin ya kai ƙasa. Tun kafin a fara sauka ake sa ƙaramar giya, inji ya riƙe motar, birki ya zama na taimako lokaci-lokaci.

Sauran ƙananan abubuwa ne, amma kowanne ya taɓa kwana da wani a daji. Sarƙoƙi biyu na tsaro ana gitta su ne a ƙarƙashin wuyan tirela, don in ƙugiya ta kwance su tallafe shi kada ya caki kwalta. A kwana tayoyin tirela suna yanke hanya ta ciki, sai an buɗe kwanar fiye da yadda aka saba. Wajen ribas, ka riƙe ƙasan sitiyari, duk gefen da hannunka ya nufa can bayan tirela za ta nufa. Tayar tirela kuwa ta fi mutuwa da tsufa da zaman rana fiye da cinyewa, saboda haka kyawun zanenta ba shaida ba ne.

Idan ƙaura ta kama ka kuma da tirela za ka tafi, ka tsaya da kanka a wurin lodi, kada ka bar wa yara su jera yadda ya yi musu sauƙi. Masu nauyi su fara shiga, su zauna ƙasa, a ɗan gaban tayoyi, a ɗaure su tamau. Bayan kilomita ashirin ko talatin na farko ka sauka gefen titi ka sake jan igiyoyi, ka duba ƙugiya da fitilun baya, sannan ka kai bayan hannunka kusa da tsakiyar kowace taya. Wadda ta fi 'yan'uwanta zafi, wataƙila borishinta ne ke neman ƙonewa, kada ka ci gaba sai makanike ya duba shi.