Yadda Ake Tace Ruwan Kududdufi

Kowa ya san kududdufi. A birnin Katsina yawancinsu ramuka ne da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini. Da damina ruwa ya cika su, ya zo da shara. Masu lambu kuwa, irin na bayan Ƙofar Marusa da Ƙofar Durɓi, da ruwan da ke gangarowa daga cikin gari suke ban ruwa. To, irin wannan ruwa yana son tacewa.

Dattin da ke yawo a sama, watau ganye da kara da leda, ba shi da wuya. Ku ɗaura raga a bakin gora ku kwashe shi. Kada ku bari ya kwana biyu, don in ya ruɓe sai ruwa ya yi wari, kifi su mutu. Mai injin ban ruwa ya sa bakin tiyo cikin kwando, ya rataye shi kada ya taɓa ƙasa. Leda ɗaya ta isa ta toshe inji.

Laka ita ce mai wuya. Ruwa mai gudu yana ɗauke da ita, amma in ya tsaya sai ta kwanta. Saboda haka ku haƙa ƙaramin rami a kan hanyar ruwa, kafin ya shiga babban ramin. Nan zai huta, laka ta zauna, na sama ya wuce. In ramin ya cika ku yashe shi, ku baza lakar a rana ta bushe sarai.

Wanda ke son ruwa garau sai ya nemi ganga, ya huda ta kusa da gindi. Ya zuba manyan tsakuwa, sa'an nan ƙanana, sa'an nan yashi wankakke a bisa, kamar kamu ɗaya. Yashin shi ke kama datti. Aikin tsakuwa kawai ta hana yashi bin ruwa. A zuba ruwa a hankali, a kan faranti ko fasasshen kasko, kada ya tone yashin. Ran da kuka ga ruwa yana fita kaɗan kaɗan, yashi ya toshe ke nan. A kankare na sama, a wanke, a mayar. Mutane da yawa nan suke kasala, su ce ganga ta lalace. Ba ta lalace ba.

Kada ku raina tacewa. A 1988 an ƙirga masu kurkunu fiye da 650,000 a Nijeriya. Ƙwayar cutar tana cikin wasu 'yan ƙwari na ruwa, kuma ƙyalle mai ƙananan idanu yana tare su. Da ƙyallen tata da rijiyoyi masu kyau aka ci ƙarfinta. Daga 2008 ba a ƙara samun ta ba, a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida ta ƙare a ƙasar nan.

Amma fa ku lura. Ƙwayoyin kwalara da na taifot sun fi idon ƙyalle ƙanƙanta, suna kuma iya wuce yashi. Ruwan kududdufi ko ya yi fari tas, ba na sha ba ne sai an tafasa. Kayan lambun da ake ci ɗanye, kamar latas, a wanke su da ruwa mai tsabta. Tsargiya kuwa ta fata take shiga, don haka ku hana yara wanka a ciki.