Bayan tarihi, waɗanne darussa malamin lise zai iya ɗauka?

Duk lokacin komawa makaranta a watan Oktoba, shugabannin kwaleji da lise na jihohin Maraɗi, Damagaram da Tawa kan samu kansu cikin lissafi ɗaya: azuzuwa sun fi malamai yawa. Idan wani darasi ya rasa mai koyarwa, sau da yawa malamin tarihi ake fara dubawa, don ana ganin mutum ne mai yawan karatu. Sai dai ba kowane darasi ne ya dace a ɗora masa ba, kuma idan aka yi kuskuren rabo, ɗalibai ne ke biya ranar jarrabawar BEPC ko BAC.

Labarin ƙasa dai ba ƙari ba ne a wurinsa, rabin aikinsa ne. A tsarin da Nijar ta gada daga Faransa, tarihi da labarin ƙasa malami ɗaya ke koyar da su tun daga ajin farko na kwaleji har ajin ƙarshe na lise. Haɗin yana da ma'ana. Ba a iya bayyana yadda birnin Maraɗi ya tashi daga kwari ya hau tudu ba tare da ambaliyar gulbi ta 1945 ba. Haka ayarin gishirin Bilma, ko iyakar da Faransa da Ingila suka shata tsakanin Nijar da Najeriya a yarjejeniyoyin 1898, 1904 da 1906, duk sai da taswira a gaban ɗalibi.

Amma akwai wani abu da ba a cika faɗa ba. A jami'a sashen tarihi daban, na labarin ƙasa daban. Wanda ya yi digirinsa a tarihi yakan ji daɗin darasin daular Sanwai ko Barno, sai ya zo kan yanayi, duwatsu da lissafin yawan jama'a ya riƙa sauri. Wanda ya fito daga labarin ƙasa kuma akasin haka. Wannan giɓi ne ya kamata horon makarantar ENS ta jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ya cike, amma da yawa daga cikin ƴan kwantaragi sun shiga aji ba tare da sun bi ta can ba.

Darasi na biyu shi ne tarbiyyar ɗan ƙasa, kuma nan babu wanda ya fi shi cancanta. Mai koyar da abin da ya faru ranar 18 ga Disamba 1958 da aka kafa jamhuriya, da ranar 3 ga Agusta 1960 ta samun ƴancin kai, da babban taron ƙasa na 1991, shi ne zai fi iya bayyana wa yara menene kundin tsarin mulki, menene aikin magajin gari, me ya sa ake biyan haraji. Matsalar ita ce ana ɗaukar wannan darasi abin cika awoyi, ana ba duk wanda jadawalinsa ya yi ƙaranci.

Sai faransanci. A kwalejojin karkara ba baƙon abu ba ne a ga malami ɗaya riƙe da faransanci da tarihi, kuma adabin Nijar kansa ya nuna kusancin. André Salifou, wanda jami'ar Damagaram ke ɗauke da sunansa kuma ya shugabanci taron ƙasa na 1991, ya rubuta tarihin Damagaram a ƙarni na 19, ya kuma rubuta wasan kwaikwayo kan Sarki Tanimun. Boubou Hama ya haɗa tarihi da adabi tsawon rayuwarsa. Littafin Sarraounia na Abdoulaye Mamani, wanda ya fito a 1980, ya ginu ne kan faɗan Lugu na 1899 da rundunar Voulet da Chanoine, kuma malamin tarihi zai fi kowa nuna wa ɗalibai inda marubucin ya bi abin da ya faru da inda ya ƙara nasa. Wannan a fannin karanta littafi ke nan. Nahawu, sarrafa aikatau da gyaran rubutu sana'a ce daban. Iya magana da harshe ba iya koyar da shi ba ne, musamman ga yaron da ya shigo kwaleji yana fama da haɗa jimla.

Tattalin arziki ma yana kusa. Gyaɗar Maraɗi da Damagaram, yuraniyom na Arlit da aka fara haƙowa a 1971, farin shekarun 1973 da 1984, duka suna cikin abin da yake koyarwa. Gabatarwa zai iya, lissafin kuɗi da ƙididdiga kuwa a bar wa masu su.

Inda ya kamata a yi taka-tsantsan shi ne falsafa. Shugabanni kan ce ai malamin tarihi ya san Girka ta dā, ya san masanan Turai na ƙarni na 18, don haka zai iya. Sanin lokacin da Aflatun ko Descartes suka rayu bai kai ga koya wa ɗalibi yadda zai warware tambaya, ya kawo hujja, ya rushe ta, ya sake ginawa ba. Ga ƴan sashen A, falsafa na cikin darussan da suka fi nauyi a BAC, kuma maki kaɗan a nan kan jefa ɗalibi zagaye na biyu ko ya sa ya maimaita shekara. Idan babu makawa, gara a ba malamin aji ɗaya kawai, a haɗa shi da wani malamin falsafa na lise mafi kusa, su riƙa tsara darasi da gyaran takardun gwaji tare.