Itatuwan da suka rage a sunayen unguwanni kawai

Duk wanda ya saurari direbobin Adaidaita Sahu suna kiran fasinja a bakin Kasuwar Sabon Gari ko Kantin Kwari, zai ji ana jero masa sunayen itatuwa: Kurna, Rijiyar Lemo, Ɗorayi, Giginyu, Kawo, Rimin Kebe. Sabo ya sa ba ma jin su a matsayin itatuwa. Amma idan mutum ya sauka a mafi yawan waɗannan unguwanni ya nemi bishiyar da ta ba wurin suna, da wuya ya same ta. Sunan yana nan, mai sunan ya tafi.

Kiran wuri da sunan itace ba ɗabi'ar Bahaushe ba ce shi kaɗai. A Sulobeniya, ƙaramar ƙasa a tsakiyar Turai wadda daji ya rufe fiye da rabinta, garuruwa da dama sun samo sunansu daga itatuwa. Lipica, inda aka kafa shahararriyar gonar kiwon dawaki a 1580, ta samo suna daga bishiyar da suke kira lipa. Hrastnik daga hrast. Brezje kuwa daga breza. Masana harshe a can suna nazarin irin waɗannan sunaye domin gano dajin da ya taɓa kasancewa a wurin. Hatta birnin Leipzig na Jamus, daga wannan kalma ta lipa sunansa ya fito, shaidar cewa al'ummar Silab sun zauna a wurin kafin Jamusawa.

Sunayenmu ma suna ɗauke da irin wannan shaida, kuma nahawunsu kaɗai ya isa darasi. Inda sunan ya zo a tilo tare da mallaka, kamar Durumin Iya, Ceɗiyar 'Yangurasa, Kukar Bulukiya ko Tsamiyar Boka, bishiya ɗaya ce fitacciya da ta zama mahaɗa: a ƙarƙashinta ake ciniki, ake hutawa, da ita ake kwatance. Inda kuwa ya zo a jam'i, kamar Giginyu da Ɗorayi, labarin ya wuce na bishiya ɗaya. Yana nuna fili ne da giginya ko ɗorawa suka yi yawa a cikinsa. Haka Kukawa ta Borno, wadda Shehu Muhammad al-Kanemi ya kafa a 1814, da kuka aka yi mata suna. Ita kanta Kasuwar Kurmi, da aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499), sunanta na tuna mana da kurmin da ke gefen Jakara, a tsakiyar birnin da yau ake neman inuwa ruwa a jallo.

Kakanninmu ba don kyau kawai suka bar waɗannan itatuwa ba. Ɗorawa ke ba da kalwar daddawa, ganyen kuka ke miya, tsamiya ke kunu, giginya ke ba da azara da muruci, rimi kuwa audugar katifa da matashi. Bishiyar da ake ci daga gare ta ba a sare ta da wasa. Da azara ta ba wa kankare wuri, daddawa kuma ta ba wa ɗanɗanon kanti, sai gatari ya samu hanya, filayen kuma suka koma fulotai.

Fagge da Sabon Gari sun nuna inda al'adar ta fara sauyawa. Fagge zangon fatake ce a wajen ganuwa tun kafin zuwan Turawa. Sabon Gari kuwa an shata ta ne bayan isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, aka ja tituna a miƙe, aka sa musu sunayen garuruwan da baƙi suka fito: Abeokuta, Enugu, Aba, Warri. Waɗannan ma tarihi ne mai daraja, sai dai tarihin mutanen da suka zo ne, ba na ƙasar da suka tarar ba. Tun daga nan sunan wuri ya koma abin da ake yankewa a ofis, har muka iso yau da ake laƙa wa sabbin unguwanni sunayen 'yan siyasa ko na Turanci da ba su da alaƙa da wurin.

Abubuwa uku nake ganin sun wajaba. Na farko, sassan nazarin Hausa, tarihi da labarin ƙasa a jami'o'inmu su haɗa hannu su tattara sunayen unguwanni da asalinsu daga bakin dattawa da masu unguwanni, tun kafin a rasa masu sani. Na biyu, hukumomi su daina goge tsofaffin sunaye don karrama wani. A ba shi sabon titi. Na uku, Kano na cikin jihohi 11 da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa ya shafa, don haka dashe ba baƙon abu ba ne a gare mu. Maimakon darbejiya a ko'ina, a mayar wa kowace unguwa bishiyar sunanta: kurna a Kurna, ɗorawa a Ɗorayi, giginya a Giginyu, a harabar makarantu da masallatai inda za a kula da su.

Kuka da rimi ba sa girma a wa'adin gwamnati guda, shi ya sa ba su cika burge masu neman abin buɗewa da almakashi ba. To amma waɗanda suka bar mana durumi da ceɗiya su ma ba don kansu kaɗai suka bar su ba. Yaron da aka haifa a Giginyu yana da haƙƙin ya ga giginya da idonsa.