MAGANIN BARCI A ƊAKIN TIYATA

A zamanin da, duk wanda za a yi wa tiyata sai ƙarfafa sun danne shi, likita ya yi aikinsa cikin gaggawa. Al'amarin ya sake ran 16 ga Oktoba, 1846, sa'ad da wani likitan haƙori mai suna William Morton ya shaƙa wa wani majiyyaci ita, wani ruwan magani mai saurin bin iska, a birnin Boston na Amurka, aka yi masa aiki a wuya bai ji zafin wuƙa ba. Daga nan ilimin sa barci ya yi ta ci gaba har ya zama fanni mai zaman kansa.

Barcin tiyata ya bambanta da barcin dare. Maganin da yake kawar da zafi yana kuma raunana numfashi, ya saukar da ƙarfin bugun jini, ya hana mutum tari ko haɗiya. Watau a wannan lokaci jiki ba ya iya tsare kansa, amanarsa tana hannun ma'aikata. Wannan shi ne darasin farko ga duk mai koyon aikin taimakon likita a ɗakin tiyata.

Hanyoyi Uku

Ta farko ita ce barcin gaba ɗaya. Akan fara da allura ta jijiya, kamar furofofol ko ketamin, sannan a ci gaba da maganin shaƙa. Sau da yawa akan ƙara maganin sassauta tsoka, wanda yake tsai da numfashi ɗungum. Saboda haka ake zura bututu a maƙogwaro, na'ura ta riƙa hura wa huhu iska. Ketamin yana da amfani ƙwarai a ƙananan asibitoci, domin ba ya yawan danne numfashi.

Ta biyu ita ce allurar baya, wadda wani likitan Jamus, August Bier, ya fara yi a 1898. Tana kashe jiki daga ciki zuwa ƙafafu, majiyyaci kuwa yana farke. Ita aka fi yi wa matan da za a ciro wa jariri. Takan saukar da ƙarfin bugun jini, don haka ake sa ƙarin ruwa, ana aunawa a kai a kai.

Ta uku ita ce allurar kashe wuri ɗaya, kamar lidoken, don ɗinki ko cire haƙori. Wani lokaci akan haɗa shi da adirenalin, wanda yake tsuke jijiyoyin jini, maganin ya daɗe a wurin.

Aikin Mataimaki

Likitan sa barci ne, ko nas da aka horar don haka, yake zaɓen magani da yawansa, gwargwadon nauyin majiyyaci da shekarunsa da lafiyarsa. Amma maganin da likitan tiyata zai yi aiki da shi ta hannun mataimaki yake bi. Lalle ne mataimaki ya kiyaye waɗannan:

1. Ya karanta sunan magani da ƙarfinsa da ranar lalacewarsa da babbar murya, shi da nas.
2. Ya manna suna a kan kowane sirinji da kowane kwano. Yawancin magungunan kamar ruwa suke, ido ba ya bambanta su. Wanda ba shi da suna, a zubar.
3. Ya san lissafi. Lidoken mai ƙarfin kashi 1 bisa 100 yana da miligiram 10 a kowace mililita. Mai kashi 2 yana da 20. Ke nan sirinji ɗaya na biyun daidai yake da sirinji biyu na farkon.
4. Ya lissafa abin da aka ba majiyyaci, ya faɗa.
5. Ya san alamun magani ya yi yawa: mutuwar leɓe da harshe, ƙara a kunne, jiri, daga baya farfaɗiya. In ya ga haka ya yi magana nan take, kada kunyar manya ta hana shi.

Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da jerin tambayoyin da ma'aikata za su amsa kafin barci, da kafin yanka, da kafin a fita da majiyyaci.

Aikin Majiyyaci da Danginsa

Akan hana abinci awa 6 kafin aiki, ruwa zalla kuwa awa 2. Dalili shi ne mai barcin tiyata yana iya amai, abincin ya gangara huhu, ya zama sanadin ajali. Kunu da madara abinci ne. Uwar da ta ɓoye ta ba ɗanta koko don tausayi ta jefa shi cikin hatsari. In hakan ta faru, a faɗa wa nas, gara a ɗaga aikin.

Har ila yau, wajibi ne majiyyaci ya bayyana ko yana da hawan jini, ciwon sukari, asma ko sikila, ko mace tana da ciki, ko wani magani ya taɓa ba shi wahala. Ya faɗi duk abin da yake sha, har maganin gargajiya da taba da giya da ƙwaya irin su tiramol, domin suna sauya aikin maganin barci. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda kuma bai fahimci wani bayani ba, ya tambayi likita kafin ya sa hannu a takardar yarda.