Ɗan benci ma yana cin kofi: darasi daga jami'o'in Amurka

Mai sauraro, a shirinmu na wasanni na wannan mako mun leƙa jami'o'in Amurka, inda wasan ɗalibai kan cika filin da ke ɗaukar mutum dubu ɗari. Tambayar da muka tattauna ita ce: me ya sa kociyoyin can suke damuwa da waɗanda ke zaune a benci kamar yadda suke damuwa da taurarinsu?

Ka fara sanin cewa ƙungiyar jami'a ba kulob ba ce. Idan ɗan wasa ya karye a tsakiyar kaka, ba kasuwar da koci zai ruga ya sayo wani. Da waɗanda ke hannu zai ƙarasa. Ga shi kuma galibi kaka huɗu ɗalibi ke bugawa ya kama gabansa, idan kuma karatunsa ya yi ƙasa, sai a dakatar da shi. Ƙwallon Amurka kuwa, wadda ake ruga da ita a hannu ana karo, ba ta rabuwa da rauni.

To ga misalin da ya fi burge ni. A watan Janairun 2018 jami'ar Alabama ta haɗu da ta Jojiya a wasan ƙarshe a birnin Atlanta. Aka tafi hutun rabin lokaci Jojiya na da 13, Alabama ba ko ɗaya. Sai koci Nick Saban ya cire Jalen Hurts, mai rarraba ƙwallo kuma jagoran kai hari, ya sa Tua Tagovailoa, ɗalibin shekarar farko. Yaron nan ya juya wasan, Alabama ta ci 26 da 23 a ƙarin lokaci. Ba a nan labarin ya ƙare ba fa. A Disambar shekarar, ƙungiyoyin biyu suka sake haɗuwa a birnin dai, wannan karon Tua ne ya ji rauni. Wa ya taso daga benci? Hurts ɗin nan da aka ajiye. Ya kai su ga nasara 35 da 28.

Jami'ar Jihar Ohayo ma a kakar 2014 ta rasa masu rarraba ƙwallonta biyu, na uku, Cardale Jones, shi ya ɗauko musu kofin ƙasa.

Idan babu irin wannan madadi kuwa, tambayi jami'ar Jihar Filorida. A 2023 ta ci wasa 13 ba a doke ta ko sau ɗaya ba, amma tauraronta Jordan Travis ya karye a ƙafa a watan Nuwamba. Kwamitin da ke zaɓen ƙungiyoyi huɗu na zagayen ƙarshe ya ga ba shi, ƙungiyar ba ita ba ce, ya bar ta a waje. A ganina an zalunce su, amma ka ga yadda raunin mutum ɗaya ya rushe wahalar shekara guda.

Matsalar yanzu ita ce riƙe ɗan benci ya yi wuya. Tun 2021 ɗalibi na iya sauya jami'a ya fara bugawa nan take ba tare da zaman jiran shekara ba, yana kuma iya samun kuɗi da sunansa ta hanyar talla. To wane gwani ne zai yarda ya yi ta ɗumama benci alhali wata jami'a na kiransa? Shi kansa Hurts a 2019 ya tattara ya koma Okalahoma. Wasannin kuma ƙaruwa suke yi: tun da aka mai da zagayen ƙarshe na ƙungiyoyi 12 a 2024, Ohayo sai da ta buga wasa 16 kafin ta ɗaga kofi.