FIM MAI SAURI: ABIN DA MAI HOTO YAKE SAMU DA ABIN DA YAKE BIYA

Haske shi ne jarin mai ɗaukar hoto. In rana tana sama, aikinsa ba wuya. Wuyar takan zo ne bayan la'asar sakaliya, ko cikin zaure, ko a dandali da dare inda babu sai ƴan fitilu. Domin irin waɗannan wurare ne kamfanonin fim suka daɗe suna neman fim mai sauri, wato wanda haske kaɗan yake isarsa.

Fim mai launi iri biyu ne. Akwai wanda in an wanke shi launukansa suke fitowa a juye, sai an buga shi bisa takarda kafin a gane abin da ke ciki. Akwai kuma wanda shi kansa ne hoton: a wanke shi, a yanka, a sa kowane yanki cikin ɗan kwali mai santimita 5 kowane gefe, a haska shi bisa bango da majigi. Ma'aikata sukan ce masa diyapo. Wannan na biyun ya fi kyan launi, shi ne kuma ya fi wuyar sha'ani.

Kamfanin Kodak na birnin Rochester, a Amurka, ya fito da Kodachrome cikin shekarar 1935. Mutum biyu ne suka ƙago shi, Leopold Mannes da Leopold Godowsky, waɗanda ainihin sana'arsu kiɗa ce. A 1936 kamfanin Agfa na Jamus ya fito da nasa. Saurin Kodachrome na farko 10 ne kacal bisa ma'aunin ASA, wanda yau ake kira ISO. Lissafin ma'aunin mai sauƙi ne: duk lokacin da lamba ta ninka, hasken da fim yake bukata ya ragu da rabi. Saboda haka ranar da Kodak ya fito da Ektachrome mai lamba 160, a shekarar 1959, masu hoto suka sami fim da kashi ɗaya cikin 16 na hasken da yake isarsa. Da Ektachrome ne ƴan sama jannatin Apollo 11 suka ɗauko hotunansu masu launi bisa wata a 1969. Daga baya aka sami na 200 da na 400, kuma cikin shekarun 1980 Agfa da kamfanin 3M suka kai har 1000.

Amma saurin ba kyauta ba ne. A jikin fim akwai shimfiɗu masu ɗauke da ƙwayoyin gishirin azurfa, wata tana jin shuɗi, wata kore, wata ja. Ƙwayoyin nan su ne suke tarar haske, kuma babbar ƙwaya ta fi ƙarama tara, kamar yadda masaki ya fi ƙoƙo tarar ruwan sama. Fim mai sauri manyan ƙwayoyi gare shi. A tafin hannu ba a ganinsu. To, hoton diyapo milimita 24 ne bisa 36, in majigi ya shimfiɗa shi ya kai mita ɗaya da rabi, an ƙara girmansa fiye da sau 40 ke nan. A nan ne sararin sama yake fitowa kamar an barbaɗa masa tsaki, baƙi ya koma toka-toka, launi ya rage kaifi. Wasu masu hoto sun so wannan tsaki, har suka riƙa neman fim na 1000 da gangan domin hoton ado. Wanda aka aika ya ɗauko hoton ƙwarin da ke cin gero, don a nuna wa manoma, ba ya da wannan zaɓi: shi tsabtar hoto yake nema.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi. Fim ɗin da ake bugawa bisa takarda yana da rangwame, domin in haske ya yi yawa ko ya kasa, mai bugawa yana iya gyarawa. Diyapo ba ya da mai gyara a bayansa. Abin da ya shiga kyamara shi ne zai hau bango, kuma kuskuren rabin mataki ma ana ganinsa. In haske ya yi yawa, farar riga takan zama fili fetal, babu aiki babu ninki, kuma abin da ya goge ya goge ke nan. Mutum mai baƙar fata da farin rawani cikin rana shi ne jarrabawa mafi tsanani: in an auna bisa rawani fuska ta nutse, in an auna bisa fuska rawani ya ƙone. Gwanaye sukan jawo mutum inuwa. In abin ba mai maimaituwa ba ne, sukan ɗauka sau uku, ɗaya bisa awo, ɗaya sama kaɗan, ɗaya ƙasa kaɗan. Fim mai hoto 36 ya koma 12, amma ba a dawo hannu wofi ba.

A ƙasa mai rana irin Nijar, fim mai sauri da tsakar rana ɓarna ce. Ƙa'idar da masu hoto suka sani ita ce: cikin rana tsantsa, in an tsuke idon kyamara a lamba 16, saurin ƙyaftawarta ya yi daidai da lambar fim. Fim na 400 yana neman wajen kashi ɗaya cikin 500 na daƙiƙa, kuma nan ne iyakar tsofaffin kyamarori da yawa. An biya kuɗin sauri, an ɗauki tsaki, ba a ci ribar kome ba. Ranar fim mai sauri ita ce lokacin da rana ta sunkuya ƴan kokowa ba su gama ba, ko dawaki suna sukuwa cikin ƙura, ko wurin taro mai faɗi inda walƙiyar kyamara ba ta wuce ƴan mitoci.

Da dare kuma wata matsala takan ɓullo, ta launin fitila. Ido yana sabawa, fim ba ya sabawa. Fim ɗin da aka yi don hasken rana, in ya sha hasken ƙwan lantarki mai zare, kome yakan fito ruwan goro. Ƙarƙashin doguwar fitila kuwa fuskoki su yi kore. Ana iya sa shuɗin gilashi gaban idon kyamara, sai dai gilashin yana cinye kashi uku cikin huɗu na hasken, fim na 400 ya koma na 100. Shi ya sa Kodak ya yi wasu musamman don hasken ƙwai, masu harafin T, kamar 160T da 320T.

Akwai dabarar da ake kira turawa. Mai hoto ya ɗauki fim na 400 kamar na 800 ne, mai wanki kuma ya tsawaita zamansa cikin ruwan magani na farko. A hanyar wankin E-6, wadda ta fito cikin shekarun 1970, ruwan yana kan digiri 38, wankin farko wajen minti 6 ne, turawar mataki ɗaya kuma tana ƙara kimanin minti 2. Sharaɗin shi ne a ɗauki fim ɗin gaba ɗaya bisa lamba guda, a kuma rubuta ta a jikin gwangwaninsa. In mai wanki bai sani ba, duka hotunan za su fito da duhu.

Zafi ma abokin gaba ne, kuma fim mai sauri ya fi saurin lalacewa. Wurin ajiyarsa firiji. In an fito da shi, a bar shi cikin gwangwaninsa a rufe har sanyin ya sake shi, don kada raɓa ta kwanta masa. Barinsa cikin mota a watan Afrilu daidai yake da zubar da shi. Sababbin na'urorin binciken kaya na filayen jirgin sama su ma suna ɓata fim, gara a roƙi a duba shi da hannu.

Kyamarori masu aiki da lantarki, waɗanda ba su bukatar fim, sun karya kasuwar. Kodak ya daina yin Kodachrome a 2009, kuma ɗakin wankinsa na ƙarshe, a garin Parsons na jahar Kansas, ya daina karɓa a ƙarshen 2010. An tsai da Ektachrome a 2012, kamfanin Fuji na Japan kuma ya tsai da Provia 400X a 2013. Ektachrome ya komo kasuwa a 2018, amma mai lamba 100. Wanda yake son ɗaukar diyapo da magariba a yau, sai ya kafa kyamararsa bisa ƙafafu uku, ko ya tura na 100 zuwa 200 ya gaya wa mai wanki.