A Daina Kai Na'urar Laburare Teburin Mai Caji

Irin riƙon da ake yi wa na'urorin karatu na aro a ƙauyukanmu ya isa a yi magana. A wata sakandare da ke yankin Dambatta, masu taimako sun kawo wa laburare waɗannan na'urori masu kama da ƙaramin allo, kowace cike da littattafai, aka ce ɗalibai su riƙa ara suna tafiya da su gida. Kafin a yanke gero, da yawansu sun mutu murus.

Teburin mai caji ne ya cinye su. Ka leƙa rumfarsa ranar kasuwa: janareta na ruri, wayoyi jibge a kan soket, kowace da 'yar takardar lamba manne a bayanta, kwanon rumfa ya ɗau zafi. A irin wannan tarin na ga na'urar laburare da hatimin makaranta a jikinta, an danne ta da wayoyi, wanda ya kawo ta kuwa ya shige kara kallon shanu tun hantsi. Haba jama'a! Gilashin wannan na'ura siriri ne, danna kaɗan ke tsaga shi ta ciki, shafi ya daskare har abada. Zafi yana kumbura batir, wutar janareta mai hawa da sauka kuma ta ƙarasa sauran.

Abin haushin, ba ta ma buƙatar wannan wahala. Na'ura irin su Kindle, mai rubutu baƙi da fari, ba ta jan wuta sosai sai lokacin juya shafi, don haka caji ɗaya yakan kai makonni. Sabo da waya ne kawai ke sa a kwashe ta zuwa caji duk mako. Wasu har wurin masu tura fina-finai suke kai ta. Ba ta nuna fim, amma mai turawa zai yi ta latse-latse har ya goge littattafan.

Ƙungiyar Worldreader ta fara raba irin waɗannan na'urori a makarantun Gana a 2010, daga baya ta kai su laburaren gwamnati a Kenya. Mu ma a nan muna buƙatarsu, domin yaron Kunci ko Makoɗa ba zai iya zuwa Laburaren Murtala Muhammad da ke cikin Kano duk lokacin da ya so ba. An kawo masa littattafai har ɗakin uwarsa, mu kuma mun bari sun lalace a kasuwa saboda wai kayan gwamnati ba su da mai su.

Gyaran ba wuya. A yi caji a makaranta, ko da ƙaramin sola na gida, a inuwa, da cajar da aka bayar tare da ita. A kashe intanet ɗinta idan ba a buƙata. Kada a cusa ta aljihun baya a hau babur. Da damina a naɗe ta a leda. Malamin laburare ya buɗe rajista, uba ko yaya ya sa hannu kafin a ba yaro, kuma kada tsoron asara ya sa a kulle na'urori a kabad wata da watanni, domin batirin da aka bari ba caji shi ma mutuwa yake yi.

Iyaye, yadda ba za ku bar garmar maƙwabci ta kwana a gona ba, ku tambayi yaro yau ina ya ajiye na'urar makaranta, kuma yaushe zai mayar.